Rabon Shinkafa Ba Yaƙi da Talauci Ba Ne

A yau idan ana so a auna adalcin gwamna ko ɗan majalisa a ƙasar nan, sai a ƙirga tirelolin shinkafar da ya raba da azumi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan tunani ya ƙara kafuwa, har mutane da yawa sun yarda cewa tausayin talaka shi ne a jera shi a layi a miƙa masa ƙunshi. Ni ban yarda ba. Rabon yana kashe yunwar kwana biyu, ya bar abin da ya haifi yunwar yana nan daram.

Mu duba abin da gwamnati da kanta ta gano. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Abubuwan da aka auna sun haɗa da nisan gida zuwa asibiti, zuwan yara makaranta, ruwan sha, makewayi da abin da ake girki da shi. A cikin waɗannan, wanne ne buhun shinkafa zai gyara?

A je ƙauye a ga mace da naƙuda ta kama cikin dare. Asibitin mazaɓa yana kulle, domin ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce kuma a gari take kwana. Sai a ɗora matar a babur, a bi hanya mai ramuka zuwa babban asibiti. Kafin gari ya waye, kuɗin mai da na jini da na magani sun cinye akuyar gidan, wani lokacin har gona ta shiga jingina. Ta wannan ƙofa talauci yake shiga gida, kuma ungozoma mai albashi da ke kwana a asibitin ce za ta iya toshe ta.

Za a ce mai jin yunwa ba ya jiran a gina asibiti. Gaskiya ne, kuma lokacin ambaliya ko gudun hijira wajibi ne a kai abinci da gaggawa. Amma agajin gaggawa daban, tsarin mulki daban. A 2016 aka fara raba kuɗi a ƙarƙashin shirin tallafa wa marasa galihu, ana ba gidaje naira dubu biyar a wata, sannan a Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda zargin almundahana. A Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbunan ajiya a Jos da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge. A Maris ɗin 2024 ɗalibai biyu sun rasu a turmutsutsun rabon shinkafa a jami'ar Keffi.

Ko da an yi rabon da gaskiya, wa yake samu? Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Sunaye suna hannun shugabannin jam'iyya, layi kuma na mai ƙarfi ne. Gurgu, makauniya, tsohuwar da ba ta da kowa, da almajirin da babu sunansa a kowace takarda, su aka fi barin a baya, alhali da sunansu aka fitar da kuɗin. Famfon unguwa kuwa ba ya tambayar katin jam'iyya. Ajin da ke da malami yana karɓar ɗan mai unguwa da ɗan mai ga-ruwa a benci ɗaya.

Dokokin ma suna nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimi a matakin farko, amma jihohi da dama sukan bar rabonsu a Abuja saboda sun ƙi zuba nasu kason. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya don kiwon lafiya a matakin farko. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa, kuma ba za a aiwatar ba muddin muna yi wa mai raba shinkafa tafi.

Don haka ina kira ga malamai masu hawa mumbari, masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban gari: duk ɗan takarar da ya zo da buhu, ku tambaye shi malamai nawa ne a firamaren mazaɓarku, wa yake kwana a asibiti, kuma yaushe za a gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace. Waɗannan haƙƙinku ne, da dukiyarku za a yi su, kuma a kansu ya kamata ku ba da ƙuri'a ko ku hana.