Ƙari A Ƙwaƙwalwar Yara: Ina Aka Kwana A Gabashin Sakkwato?

A Kwargaba da sauran ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, idan yaro ya riƙa tashi da ciwon kai kowace safiya, yana amai, yana tangaɗi, ko idonsa ya karkace, akan ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko iskoki. Alhali kuwa waɗannan suna iya zama alamun ƙari a ƙwaƙwalwa, wanda shi ke bin sankarar jini wajen yawa cikin sankarar yara.

Abin takaicin shi ne taimako ba nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Amma manomin albasa da wane aljihu zai biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, balle na aiki?

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙudurta cewa nan da 2030 kashi 60 cikin ɗari na yara masu sankara su riƙa tsira. To, asusun tallafin da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2021 da sankarar manya ya fara, irin su ta mama da ta bakin mahaifa. Ya kamata Gwamnatin Jiha ta keɓe wa yara kasonsu na magani da bincike, ta kuma koya wa ma'aikatan dakunan shan magani na karkara gane alamun nan, domin su ne uwa take fara kai wa ɗanta.