Wutar cek injin da lambar P0401: kada ka goge, kada ka yi saurin sayen bawul

Yau ba maganar waya zalla ba ce, ko da yake da wayar za mu yi aikin. Ni gyaran waya nake yi a nan Zangon Daura, ban taɓa zaman koyon kanikanci ba. Amma tun da ƙaramar na'urar nan ELM327 ta shigo hannuna, masu mota ke tsayawa a bakin shagona ana cewa "ɗan duba mana wutar nan da ta kama". Abin da na gani a wannan harka ne ya sa nake so mu yi magana a kan lamba guda ɗaya, P0401, da yadda ake cin kuɗin mutane a kanta.

Ga wanda bai san na'urar ba, 'yar ƙarama ce kamar kwalin ashana. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ƙofa 16, nan ake cusa ta. Ka kunna makulli, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner, sai ta karanto maka abin da birenbos ya ajiye. Tsarin sunansa OBD2. An wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma sai 2001 ga masu fetur. Shi ya sa Honda da Toyota 'yan Amurka da ake shigo mana da su ta Kwatano suke amsawa nan take, amma tsofaffin Golf 3 da ke jigila tsakanin Daura da Baure yawancinsu ko kallonka ba za su yi ba. Mai iPhone ya lura wajen saye, ba kowace ce ke haɗuwa da ita ba. Kuma in ka gama ka zare ta, domin soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe take, za ta riƙa shan batir a hankali.

To mene ne P0401? A injin akwai wani tsari da ake kira EGR. Aikinsa ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin da ya nufi salansa, ya mayar da shi cikin injin ya gauraya da sabuwar iska da mai. Ka ce me ya sa za a mayar da hayaƙi ciki? Saboda shi ya riga ya ƙone, ba zai sake ci ba, sai ya rage zafin wutar da ke tashi a kan fistin. In zafin nan ya yi yawa sosai, iskar da ke ciki takan rikiɗe ta zama gubar da ake kira NOx, mai cutar da huhu, kuma man yakan fashe kafin lokacinsa. Bawul ɗin EGR shi ne ƙofar. A rufe yake in injin da sanyi, a rufe yake a silo, haka in ka take totur har ƙasa. Yana buɗewa ne in injin ya ɗumama kana tafiya madaidaiciya a kan titi. P0401 tana nufin birenbos ya ba da umarnin a buɗe ƙofar, ya saurara, bai ji hayaƙin ya shigo yadda ya kamata ba. Iyakar abin da lambar ta faɗa ke nan. Ba ta ce bawul ya mutu ba.

Wannan shi ne ra'ayina gaba ɗaya, kuma daga teburin gyaran waya na samo shi. Kullum sai an kawo min waya an ce ba ta caji, a canza bakin caji. Sau da yawa in na haska da fitila sai in tarar ƙura da zaren aljihu ne suka dunƙule a ciki. Tsinke da burushi, minti biyu, ta kama. Wani lokacin igiyar ce ta yanke, wani lokacin kan cajar ne. "Ba ta caji" sunan ciwo ne, kuma abu huɗu ko biyar na iya kawo shi. Mai gyaran da ya canza baki bai duba ba, ko dai bai iya ba ko kuma yana so ya sayar maka da kaya. Mota ma haka take.

Na gani a gidanmu. Yayana yana da Honda Accord wadda ake kira Baby Boy, ƙirar 1998 zuwa 2002. Wutar ta kama, ya kai wani gareji, aka sa na'ura aka ga P0401, aka ce bawul ne, sai an aiko da shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Ya biya kuɗin bawul, ya biya kuɗin mota, ya biya na aiki. Aka ɗaura, aka goge lambar, wuta ta mutu, kowa ya yi murna. Kwana uku, yana dawowa daga Daura, ta sake kamawa. Da ya koma sai aka ce ai bawul ɗin da aka aiko ne ba mai kyau ba, a sake sayen wani. A nan na ce Yaya, don Allah dakata. Muka je wajen wani dattijon makaniki, ya kwance, ya nuna mana ramukan da hayaƙin ke bi a cikin manifol. Wallahi sun toshe da kunkunniya ta daskare kamar gawayi, waya ma da ƙyar ta shiga. Ya kankare, ya fesa man wanke kabureta, ya sa sabon gaskit, ya mayar da tsohon bawul ɗin da aka ce ya mutu. Shi ne a motar har yanzu. Toshewar ramukan nan sananniyar matsala ce a Accord ta waɗannan shekarun, ba motar yayana kaɗai ba.

Me ya sa wutar ta yi kwana uku kafin ta dawo? Wannan ne wurin da ake ruɗa mutane. Birenbos ba ya gwada EGR a tsaye a gareji. Sai injin ya yi zafi, mota ta hau titi ta samu irin tafiyar da yake so, sannan ya gwada, kuma yawanci sai ya ga matsalar a tafiya biyu kafin ya kunna wuta. Don haka duk wanda ya danna gogewa ya nuna maka allo fes, bai nuna maka komai ba tukuna. Har ma ya yi maka asara, domin tare da lambar akwai bayanan da birenbos ya ɗauka a daidai lokacin da abin ya faru, gudun mota, zafin injin, juyin injin, kuma gogewa tana share su duka. Kafin kowa ya taɓa maɓallin nan, ka ɗauki hoton allon da wayarka. Bayan gyara kuma ka yi 'yan kwanaki kana tafiya, sannan ka sake dubawa, manhajar za ta nuna maka ko gwajin EGR ya kammala.

Masu Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa fensir, taku ta ɗan bambanta. Bawul ɗinku ba lantarki ke buɗe shi kai tsaye ba, zuƙar iska ce ta wasu siraran tiyo na roba. Akwai wani faifai da ke daidaita zuƙar, akwai kuma ƙaramin makunnin lantarki da ake kira VSV, an ɓoye shi a bayan injin ta ƙasa inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Tiyo ɗaya ya tsage saboda zafin rana irin namu, P0401. Faifan ya toshe, P0401. VSV ya gaji, P0401, kuma shi yana yawan yi. Gwajin ba wuya. Injin yana silo da zafinsa, makaniki ya zuƙi tiyon bawul ɗin da ɗan famfon hannu. In injin ya fara kakkarwa ko ya mutu, to bawul yana buɗewa kuma hanya a buɗe take, a koma kan tiyo da VSV. In ko bai ji komai ba, ko dai bawul ya maƙale ko hanya ta toshe. Ka roƙi a yi wannan gwajin a gabanka, da ladabi, "Malam, a ɗan gwada mu gani kafin a saya". Makanikin kirki ba zai ji haushi ba.

Af, kafin in manta. Camry mai injin 2.4 da ta biyo baya, da Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa 2008, ba su da wannan bawul ɗin sam. In wani ya ce zai canza maka shi a cikinsu, ka ce ya nuna maka inda yake.

Yanzu ga masu cewa a toshe shi da faranti a huta, ko a cire ƙwan wutar, ko a liƙa baƙin salatif a kanta. Zan yi musu adalci: P0401 ba ta tsayar da mota a hanya. Za ka iya wata da watanni kana yawo ba ka ji komai ba. Kuma gaskiya ne hayaƙin da ake mayarwa yana ɓata cikin manifol, musamman in mota tana cin baƙin mai ko kullum gajeriyar tafiya ake yi da ita cikin gari. Amma ban yarda da toshewar ba. Ka tuna watan Afrilu a ƙasar Daura, mota cike da mutane da buhuna, ka taka sai ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa kafin lokaci, kuma rashin EGR yana ƙara shi. Birenbos zai yi ƙoƙarin kare injin ta hanyar jinkirta tartsatsin fulogi, sai ƙarfi ya ragu, mai ya ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wa ke da man zubarwa? In aka daɗe a haka fistin ne ke biya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wutar kanta. Guda ɗaya ce tal, ita ke yi maka magana a kan ɗaruruwan matsaloli. In ka rufe ta da salatif saboda EGR, ranar da koyil ya mutu ta fara ƙiftawa, alamar ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa, ba za ka gani ba. Kamar ka sa wayarka a shiru ne saboda wani mai damunka da kira, sai a neme ka daga gida ba a samu ba.

Kada kuma wani ya ɗauka na ce na'urar nan ta mayar da shi makaniki. Ni kaina iyakata in karanta lamba, in ɗauki hoto, in ce je ka wajen masu sifana. Kasuwa cike take da jabun ELM327, wasu ba sa karanta kowace mota, wasu su yanke a tsakiya. Kuma kada ka kai hannu kusa da bututun EGR injin da zafi, daga salansa yake fitowa, zai ɗauke maka fata.

In P0401 ta fito maka, ka tafi gareji da hoton allon a wayarka. Ka ce a fara da duba tiyo da wayoyin soket ɗin bawul, a gwada ko yana buɗewa, a kwance a leƙa ramukan a wanke. In duk an yi wannan bawul ɗin ya ƙi motsi, to a saya, kuma ka karɓi tsohon ka tafi da shi gida.