Zuwa ga wanda ya zuba wa ƙoramarmu guba

Ɗana,

Na kira ka ɗana domin na tabbata ba sa'ana ne ya yi wannan aiki ba. Sunanka kuwa ban tambaya ba, ko da yake a ƙauye irin namu da na tambaya ba zan rasa mai faɗa mini ba.

Ranar Laraba bayan sallar asuba na gangara gurbin da ke ƙarƙashin giginya, na tarar ruwan ya yi fari fat da cikin kifi. Manyan ka kwashe su tun da duhu, tarwaɗa da ragon ruwa da duk abin da zai yi kuɗi. Ka bar mana karfasa 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, da kurungu, da kwaɗi, har da kaguwa a bakin gaɓa ƙafafu sama. Ina nan tsaye wani Bafillace ya iso da shanunsa, ya shaƙi warin, ya juya da su ba tare da sun sa baki ba. A cikin bazarar nan, ina kake jin zai kai su?

Na san warin. Tun muna samari ake kiran abin gamalin. Don ƙwarin koko aka yi shi, can a kudu, kuma sinadarin da ke cikinsa tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin waɗanda za a daina amfani da su a gona. Abin da aka ga bai dace da ganyen itace ba, shi ka zuba inda mata ke wanki, yara ke wanka. Kifin da ka yi banda ka kai kasuwa, wata uwa ta saya ta sa wa 'ya'yanta a miyar kuka. Hayaƙin banda ba ya fitar da guba, ɓoye ta kawai yake yi.

Wataƙila ka ɗauka ruwan ba shi da mai shi. Gwamnati tana da dokarta tun 1992, dokar kamun kifi a koguna da tafkuna, wadda ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Amma ba zan tsorata ka da ita ba, don ni da kai mun san rabon da a ga ma'aikacin kifi a wannan gaɓa an daɗe. Dokar da nake nufi ta girmi takarda. Da damina ta kankama, ruwa ya hau fadama, kifi ya bi ciyawa don ya yi ƙwai, Sarkin Ruwa kan rufe gurabun da ya ga dama. Ba mai jefa birgi, ba mai kafa mamari, sai ranar da ya buɗe aka yi su, kowa da homarsa da gorarsa. Idon raga da yatsa ake auna shi, kuma mahaifina in ya ga raga wadda yatsa uku ba sa shiga idonta, ba ya ko tsayawa ciniki. Yanzu har gidan sauron da aka raba wa masu juna biyu na ga ana ja a ruwa, yana tace ƙwan kifi kamar rariya. Wannan ma wata magana ce, kuma ba kai kaɗai ta shafa ba.

Ka sha zuwa Argungu kallon biki, na sani, duk yaran nan kun je. Tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato. A 2020 an fito da kifi mai kilo 78 daga kogin Matan Fada. Ka taɓa tambayar kanka yadda giwan ruwa ke kai wannan girma a kogin da ba wani faɗi gare shi ba? Ƙyale shi ake yi. Ana hana su a wurin har sai ranar biki, kuma Kabawa sun yarda da hanin. Mutane suna tafa wa wanda ya ɗago kifin, ni kuwa waɗanda suka wuce ta bakin ruwan wata da watanni da yunwa a cikinsu ba su taɓa shi ba, su nake jinjina wa.

Ban ce kai ka fara kashe ruwan nan ba. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a 1984, ambaliyar da ke cika fadamunmu ta ragu, wuraren da kifi ke hayayyafa suka zama gonakin shinkafa. Masu su sun ƙaru, kifi ya ragu, buhun gero ya yi tsada. Na san yadda mutum ke ji in ya kwana a ruwa ya koma gida da abin da bai cika akushi ba. Sai dai kwalbarka ɗaya ta cinye rabon gidaje da yawa, har da naka, don gurbin nan sai damina ta wanke shi kafin a sake ganin motsi a ciki.

Sarkin Ruwa zai zauna da mu ranar Juma'a bayan an sauko, kuma akwai masu son a kai maganar gaban hakimi. Zan roƙa a dakata. Ina da kalli guda mai ido yatsa uku rataye a zaure, gwiwoyina sun hana ni shiga ruwa da shi shekara biyu ke nan. Bayan isha'i ba kowa a zauren sai ni. In ka yi sallama zan miƙo maka shi, ba sai na kunna fitila ba.

Babanka na bakin gulbi