Kati ya kori kwandala, wa zai koya wa ƙannenmu lissafi?

Yau zancen gidan gem za mu yi. Kada wani ya ce ai wasan yara ne, domin kuɗin manya ne ke tafiya a ciki.

Duk wanda ya tashi a Jidda, a Karantina ne ko Sabil ko Hindawiyya, ya san tsarin Sallah: a tara idiyya, wato goron sallarmu, a lallaɓa yaya ya kai mu Kornish ko mol. Ka miƙa riyal goma, a zuba maka kwandalolin wasa a tafin hannu. Kana jefa ɗaya a inji kana jin aljihu na raguwa. In sun rage biyu, ba sai an gaya maka ba, da kanka za ka tsaya ka yi tunani: tseren mota ko ƙwallon kwando?

Yanzu khalas, an wuce wurin. A manyan wuraren nan irin su Sparky's, kati za a ba ka, a zuba kuɗi a ciki, ka riƙa gogawa a jikin inji. Ba mu kaɗai ba ne. Ko a Amurka, Chuck E. Cheese da ya yi suna da kwandalarsa mai hoton ɓera ya fara komawa katin Play Pass a 2016. Nan Saudiyya kuwa ƙasar ce gaba ɗaya ta doshi can: babban banki ya ce a 2023 kashi 70 cikin 100 na cinikin yau da kullum ba da tsaba aka biya ba, a 2024 ya kai kashi 79.

Maganar gaskiya, masu wurin suna da hujjarsu. Ba sauran kwandala ta maƙale a inji, ba yawon kwashe akwatuna da dare, ba jabu. Kuɗinka yana rubuce a kwamfutarsu, katin lamba ce kawai, duk gogawa a cire. Sai dai a nan gizo ke saƙar. Da kati ana iya sauya farashin wasa daga ofis cikin minti ɗaya, a sa shi yadda dole wani ɗan canji ya rage wanda bai isa wasa ko ɗaya ba. Me yaro zai ce? "A ƙara min!" Ga kuma tayin nan na zuba da yawa a yi maka gyara. Ka shigo da niyyar hamsin, ka fita ɗari ta tafi.

Ba zargi na kawai ba ne. A jami'a an karantar da mu binciken Drazen Prelec da Duncan Simester na MIT, na shekarar 2001: a gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, masu biya da katin bashi sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsaba suka taya. Manya ke nan fa, masu ilimi. To ina ga ɗan shekara takwas?

Abin da ya fi damuna shi ne rabo. Kwandala tana rabuwa. Ka ba ƙanwarka uku, ka cusa wa ɗan maƙwabta biyu ba tare da kowa ya gane bai zo da ko halala ba. Kati kuwa ɗaya ne, yana hannun babba ko mai ƙarfi, saura su bi shi a baya suna kallo. A gidajenmu da yara shida ke fita da idiyyar da ba ta taka kara ta karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Kwandala dai ba za ta dawo ba, don haka aikin ya dawo kanmu, yayye. Kafin a shiga, a ƙirga kuɗin a gaban yara, su riƙe da hannunsu, su miƙa wa mai kanta da kansu. A faɗa musu wasa nawa kowa zai yi. Bayan kowane wasa su karanta abin da ya rage a allon injin. In ya ƙare ya ƙare, yalla gida, kada katin mada ɗinka ya fito. Katin gem ɗin kuma a adana shi, canjin da ke ciki haƙƙinku ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.