Jirgi na tafe Maraɗi, wa zai tuƙa shi?

Tun watan Fabrairun 2021 da aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, zancen ƴan kasuwa bai wuce na riba ba: nawa kuɗin dakon buhu zai ragu, kwana nawa kaya za su daina yi a hanya. Titi ne na kilomita kimanin 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke gina shi, Najeriya kuma ta ɗauki nauyin kuɗinsa. To, madalla. Amma akwai tambayar da manya ke tsallakewa kamar wuta: ranar da jirgi ya tsaya Maraɗi, ɗan wa zai sauko daga kan injin?

Ba yau Nijar ta fara mallakar jirgi a takarda ba. A 1959 aka kafa OCBN, hukumar haɗin gwiwa da Dahomey ta wancan zamani. Shekaru suka shuɗe Nijar tana da rabo cikin hukumar, alhali ƙarfen dogo ya tsaya Paraku, kilomita 438 daga Kwatano, bai ko hangi Gaya ba. Daga nan sai motocin dako. A 2014 aka yi bikin tashar Yamai, a Janairun 2016 aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Aka yi kiɗa, aka yi jawabai, rigimar shari'a a Benin ta taso, magana ta mutu. Ɗan kasuwar da ya aika buhun albasa ɗaya cikin wannan jirgi, ya fito a gan shi.

Tuƙin jirgi ba tuƙin mota ba ne, kuma a nan masu ofis ke kuskure. Jirgi ba shi da sitiyari. Aikin matuƙi shi ne gudu da birki da karanta alamun hanya. Jirgin kaya mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya, saboda haka wanda ya hangi garken shanu sannan ya nemi birki ya riga ya makara. Sai an gwada idon yaro da kunnensa, a tabbata yana bambance ja da kore, ya haddace dokoki, ya san injin, sa'an nan ya zauna gefen babban matuƙi wata da watanni har ya san kowace kwana da kowace gangara ta layin. Wannan zama na gefe shi ne asalin makarantar, kuma ba a yin sa inda jirgi ba ya tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Habasha ta ɗanɗana. Layin Addis Ababa zuwa Jibuti ya soma aikin kasuwanci a 2018, amma kamfanonin Sin ne suka riƙe ragamarsa har 2024, kafin a miƙa wa ƴan ƙasa. Shekara shida, a ƙasar da ta san jirgi tun farkon ƙarni na 20.

Maƙwabta kuwa sun shirya. Akwai cibiyar koyon fasahar sufuri a Zariya, an kafa jami'ar sufuri a Daura, a bakin wannan layi, jirgin Abuja zuwa Kaduna kuma ya soma aiki tun 2016. Daura ba ta da nisa da Matamai, harshe ɗaya ne. Me zai hana ma'aikatar sufuri ta nemi yarjejeniya, a zaɓi samari da ƴan mata masu bak daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta hanyar jarrabawa a fili, ba ta takardar ɗan'uwan minista ba, a tura su koyo yanzu? Ƙungiyar ƴan kasuwa ma tana da aljihun da za ta biya wa goma daga cikinsu, tun da kayanta za a ɗauka.

Masu cewa jirgin na Najeriya ne, su kawo direbansu, sai su tuna cewa wanda ba shi da matuƙi ko makaniki ko mai kula da sigina ba shi da baki ranar da za a tsara lokacin tashi da farashin dako. Abin da zai rage wa matasan Maraɗi a tashar shi ne gadi da ɗaukar buhu a ka.