Filin Lafiya: Zabirar Hanji Mai Tara Tsakuwa

Idan aka ambaci tsakuwa a cikin mutum, galibi sai hankali ya tafi ga ƙoda, balle a Gashuwa inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. To, amma akwai wata tsakuwar da kan taru a hanji.

Tun ɗan tayi yana cikin makonninsa na farko akwai wata 'yar hanya tsakanin hanjinsa da cibiya, wadda kan shafe kafin haihuwa. A wajen kimanin mutum 2 cikin 100 ba ta shafewa duka, sai ta bar 'yar zabira mai tsawon inci 2 a jikin ƙaramin hanji, kamar ƙafa 2 kafin mahaɗarsa da babban hanji. Wani Bajamushe, Johann Meckel, shi ne ya bayyana asalinta a 1809, ake kuwa kiranta da sunansa.

Yawancin masu ita sukan tsufa ba su san da ita ba. Amma in bakinta ya ƙuntata, abinci kan kwanta a ciki, sannu a hankali sinadarin kalsiyam ya daskare ya zama tsakuwa. Daga nan zabirar ta kumbura, ko tsakuwar ta faɗo ta toshe hanji. Alamun su ne murɗa wajen cibiya ko gefen dama na mara, da amai, da kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida da iska. Sau da yawa akan zaci afendis ne, sai an buɗe ciki a gane.

Babu jiƙon da ke narkar da wannan tsakuwa. Kanwa da maganin wankin ciki kuwa suna iya ƙara wa hanjin da ya toshe wahala. Maganin tiyata ne: likita ya yanke zabirar tare da tsakuwarta, in kuma hanjin da ke kewaye ya lalace, ya cire wannan yanki ya haɗa bakin biyu ya ɗinke.

Hatsarin yana ga jinkiri, domin zabirar da ta huje takan zubar da ƙazanta cikin ciki, ta kai ga halaka. Saboda haka mutanen Machina da Karasuwa da kewaye, in alamun nan suka bayyana, a hana mara lafiya ci da sha, a garzaya Asibitin Tarayya na Nguru a ranar. In likita ya nemi izinin aiki, kada a tsaya jiran sai dangi sun hallara.