Eriyar Oba-oba Haɗin Gida a Jiwa: Fa'idodi da Illoli

Duk wanda ya taɓa riƙe oba-oba ya san iyakarta. Ƙananan rediyon nan na hannu irin su Baofeng, waɗanda 'yan banga da masu gadi suke yawan amfani da su, ƙarfinsu bai wuce kamar wat biyar ba, kuma guntuwar eriyar robar da suke zuwa da ita takan gaza da zarar gine-gine sun shiga tsakani. Mutum yana Jiwa a Abuja yana neman na Gwagwa ko Karmo, sai shuuu kawai yake ji. A nan ne masu gyaran rediyo sukan ce a haɗa doguwar eriya mai gaɓoɓi a jere, wato koliniya.

Dabarar tsohuwa ce. Charles Franklin, injiniyan kamfanin Marconi a Ingila, shi ya yi mata rajista a 1924. Irin wadda ake haɗawa a gida kuwa, wayar eriya mai raga ake yankawa gunduwa-gunduwa, a haɗa su a juye: zaren tsakiyar wannan gunduwa ya kama ragar ta gaba, ragarta kuma ta kama zaren tsakiyar waccan, a liƙe da dalma, a zura cikin bututun roba a tsayar a kan sanda. Ba ta ƙara wa rediyo ko wat ɗaya. Aikinta shi ne ta tattaro siginar da ke tashi sama a banza, ta shimfiɗa ta kamar faifai ta kowace fuska, daidai inda jama'a suke.

Babbar fa'idarta araha. Bututu da gam da ƙarfen sanda ga su nan a kasuwar Dei-Dei, waya da dalma kuma wajen masu kayan lantarki. Ba ta buƙatar a juya ta gabas ko yamma, abin da ya dace da ofishin 'yan banga da ake kira daga kowane lungu. Yaron da ya haɗa guda da hannunsa ya koyi awo da liƙi, ya kuma fahimci yadda saƙo ke tafiya a iska, abin da allon makaranta bai cika nuna masa ba. Akwai ma masu yin ƙaramarta a kan megahaz 1090 don kama siginar jiragen sama, kuma mazaunin Abuja ba zai rasa jiragen da zai kama ba, ga filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Sai dai aikin ba ya yafe ganganci. A zangon UHF, wanda ya kama daga megahaz 300 zuwa 3000, kuskuren 'yan milimita ya isa ya ɓata komai, kuma kowace gaɓa da aka ƙara tana ninka kuskuren. A megahaz 435, da waya samfurin RG-58 mai daskararriyar roba a ciki, kowace gunduwa kusan santimita 23 ce. In aka canja zuwa waya mai farin soso a ciki, awon ya canja gaba ɗaya. Ga kuma tarkon kasuwa: yawancin wayar da ke rataye a shaguna ta talabijin ce da dish, mai om 75, alhali oba-oba 50 take so, kuma ragarta sau da yawa ta alminiyon ce, dalma ba ta kama ta. Za ka ga liƙin ya yi kyau a ido, ka taɓa shi da farce ya ɓalle. Eriyar da ba ta daidaitu ba tana maido da wuta cikin rediyo, tun yana zafi a hannu har sashen watsawarsa ya ƙone. An gudu daga sayen eriya, an koma sayen rediyo.

Ba ta kuma iya tsallake dutse. Siginar UHF kusan a miƙe take tafiya, kuma Abuja ƙasar duwatsu ce. Wanda ke cikin kwari, gara ya ƙara wa sandarsa tsawo da ya ƙara gaɓoɓi.

Illar da ta fi damuna ita ce ta rai. Doguwar sanda a kan rufin kwano, wayarta ta shiga har ɗaki, hanya ce aka buɗe wa tsawa, ga damina a Abuja tana kai wata shida ko fiye. Dole a kafa ƙarfe cikin ƙasa a haɗa sandar da shi, a kuma cire waya daga rediyo da zarar hadari ya haɗo. A unguwannin da gidaje suka cushe, wayoyin wuta na wucewa dab da rufi, ɗaga sandar ƙarfe a tsakaninsu wasa ne da ajali. Sannan akwai doka: watsa saƙo ta iska a Najeriya sai da lasisi, kuma eriyar da ta kai muryarka nesa ita za ta kai ta kan zangon wasu.

Ga mai saurare kawai, ko ɗalibi mai son koyo, ribar ta rinjayi hasarar nesa ba kusa ba. Mai niyyar watsawa kuwa, kada ya danna maɓallin magana sai ya sami lasisi, ya kuma kai eriyar wajen wanda ke da mitar auna daidaituwarta.